Waɗanda SIDA Ba Ta Kashe Ba: Tarihin Shekara 20 Na Shan Magani A Yamai

Ni da wannan ciwo sa'o'in juna ne. An haife ni a 1981, shekarar da likitoci a Amurka suka fara rubuta labarinsa. Na tashi ina jin ana ce masa "kabari salamu alaikum", kuma da na shiga makarantar horon malamai abu uku aka koya mana mu faɗa wa yara game da SIDA: yadda ake ɗaukarta, yadda ake kauce mata, da cewa tana kisa. Ba a koya mana abin da za mu ce game da mutumin da ya ɗauka, ya sha magani, ya aurar da ɗiyansa, har ya ga jikoki ba. A lokacin irin wannan mutum babu shi a ƙasarmu. Yau suna nan da dubbai, kuma ɗaya daga cikinsu ƴar'uwata ce.

Ɗiyar baffana ce, Yaya nake ce mata. Ta yarda in rubuta wannan bisa sharaɗin kada in faɗi sunanta ko unguwarta. Watan jiya na ɗauke ta a babur zuwa karɓar magani. Da muka fito sai ta ɗaga ƴar robar ƙwayoyin ta ce: "Malam, ka ga wannan? Shekara ashirin ke nan ba ta ci mini ko dala ba." Sannan ta ciro wata takarda daga jaka, ordinansin maganin hawan jini da awon ƙoda. "Wannan ita ke hana ni barci." Na ce: "Yaya, ai da sauƙi tunda babban an shawo kansa." Ta yi dariya ta ce: "Ƙanena, wanne ne babban yanzu?"

Tambayarta ce ta sa na koma na bi tarihin tun daga tushe.

Daga ina ya fito

Ranar 5 ga Yuni 1981 hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton wasu samari biyar a birnin Los Anjalis da suka kamu da wani ciwon huhu wanda ba ya kama mai cikakkiyar garkuwar jiki. A 1983 masu bincike a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar cutar, wadda muke kira VIH, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suke ce mata HIV. Aikin ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2008.

Amma cutar ta girmi 1981 nesa ba kusa ba. Binciken asalin ƙwayar ya nuna daga birai na dajin kudu maso gabashin Kamaru ta tsallako jikin ɗan Adam, kuma wajen 1920 ta fara bazuwa a Kinshasa, ta bi jirgin ƙasa da jiragen kogin Kwango. Akwai jinin wani mutum da aka ɗiba a wannan birni a 1959, wanda daga baya aka auna aka samu ƙwayar a ciki. Mu a Afirka ta Yamma muna da wata ta biyu ma, VIH-2. Masanin Senegal Souleymane Mboup na cikin waɗanda suka fara ganin alamunta a Dakar a 1985, aka tabbatar da ita a 1986. Ta fi ta farko jinkirin kayar da mutum, amma wasu magungunan ba sa kama ta, shi ya sa likitocinmu ke son sanin wace iri ce mutum ke ɗauke da ita.

Aikin ƙwayar ɗaya ne: tana cinye sojojin jini da ake kira CD4. Mai lafiya yakan samu tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Idan suka sauka ƙasa da 200, jiki ya zama gida marar darni, tarin fuka, zawo marar tsayawa, sanƙarau da ƙurajen baki duk su shigo. Wannan matakin ne ake kira SIDA ko ƙanjamau, kuma mutum na iya shekara takwas ko goma da ƙwayar kafin ya kai nan.

Shekarun da babu magani

A Nijar an sanar da mutum na farko mai SIDA a 1987. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 sun san abin da ya biyo baya. Matasanmu, musamman na jihar Tawa, sun saba tafiya ci-rani bakin teku, Abijan, Kwatano, Legas. Binciken da aka yi a Abijan a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna SIDA ce kan gaba wajen kashe maza baligai a birnin. To, daga can wasu ƴan ci-ranin suka riƙa dawowa a rame, a ce sammu ne, a ce iska ce, a sayar da akuya da gona a kai wa masu magani. Mijin Yaya na cikinsu. Ya dawo da tari, ya yi wata bakwai a kwance, ya rasu a 2001. Ba wanda ya furta sunan ciwon a gidan makoki, amma da aka gama zaman, matan gida suka ware wa Yaya kwanonta da butarta.

A wannan zamanin likita ba shi da abin bayarwa illa maganin tari, ruwan zawo da haƙuri. Waɗanda suka fara tsayawa tare da marasa lafiya ƙungiyoyi ne irin su MVS, wadda sunanta ke nufin kyautata rayuwa tare da SIDA, da ta buɗe wurin awon jini na sirri a nan Yamai. Daga baya masu ɗauke da cutar suka kafa haɗakarsu, RENIP+. Ƙungiyar Animas-Sutura kuma ta shiga rediyo da filayen kokowa da tallar kwaroron roba mai suna Foula.

A 2002 aka yi awon farko na ƙasa baki ɗaya. Ya nuna kashi 0.87 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar. Cikin mata masu zaman kansu kusan ɗaya cikin huɗu. Cikin malaman makaranta kuwa kashi 1.4, wato mun fi sauran jama'a. Ina tuna yadda wannan lissafi ya sa bakinmu ya yi sanyi, mu da aka ɗora wa aikin yi wa wasu gargaɗi. Awon 2006 ya ba da kashi 0.7, na 2012 ya ba da 0.4. Yau hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da SIDA na ƙiyasta kusan kashi 0.2, mutum wajen dubu 30. Nijar na cikin ƙasashen Afirka da cutar ta fi ƙaranci. Alheri ne, amma yana da nasa sharrin: abin da ba shi da yawa saurin mantawa da shi ake yi, kuma mai shi ya fi jin kaɗaici.

Magani ya samu, amma ba namu ba ne

Maganin farko, AZT, ya fito a Amurka a 1987. Shi kaɗai ba ya daɗewa yana aiki, don ƙwayar kan saba da shi. A taron Bankuba na ƙasar Kanada a 1996 aka nuna cewa idan aka haɗa magani uku lokaci guda, ƙwayar na durƙushewa. A Turai da Amurka mutanen da aka fidda rai da su suka tashi suka koma aiki. Sai dai kuɗin shekara guda ya kai dalar Amurka 10,000 ko fiye, sama da miliyan biyar na sefa. Malamin firamare zai yi shekaru yana karɓar albashi bai tara wannan ba. Shekara biyar kafin mijin Yaya ya rasu akwai maganin da zai iya tsayar da shi a duniya. Kuɗi ne ya raba su.

Abubuwa suka fara juyawa a 2000, a taron Durban na Afirka ta Kudu, inda wani yaro ɗan shekara 11 da aka haifa da cutar, Nkosi Johnson, ya tsaya gaban duniya ya yi magana. Ya rasu a shekara mai bi. A Fabrairu 2001 Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya ce zai sayar da haɗin magani uku kan dalar Amurka 350 a shekara. A Afrilun wannan shekara shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, alƙawarin da ƙasashe ƙalilan suka cika. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da SIDA, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A 2003 shugaba George Bush ya buɗe shirin PEPFAR.

A Nijar shirin gwamnati na samar da maganin, INAARV, ya fara ba marasa lafiya ƙwayoyi a 2004, kyauta, da taimakon ƙungiyar likitocin Faransa Solthis. Babban asibitin ƙasa, asibitin Lamorde da cibiyar CTA da ƙungiyar Croix-Rouge ta Faransa ta tallafa wa na cikin wuraren farko a Yamai. Yaya ta fara sha a 2005. Ta ce ranar da aka auna ta sojojin jininta ba su kai ɗari ba, kuma mutum biyu suka riƙe ta ta hau taksi. Bayan wata shida ta koma sana'arta ta tuyar ƙosai.

Tabon da maganin farko ya bari

Nan ne tarihin ya shiga jikin mutane. Ƙwayar da ta ceci Afirka a waɗancan shekaru, wadda aka fi sani da Triomune, ta ƙunshi stavudine, lamivudine da nevirapine. Tana da araha, ana sha safe da dare, amma stavudine na da mugun hali. Tana narkar da kitsen fuska, hannuwa da ƙafafu, kumatu su lotsa, jijiyoyi su fito raɗau, wani lokaci kuma kitse ya taru a ciki ko a ƙeya. Tana kuma lalata jijiyoyin ƙafa, mutum ya riƙa jin tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, ko ya mutu murus har takalmi ya fita bai sani ba. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina amfani da ita, aka bi a hankali aka janye ta. Sai dai kumatun da suka lotsa ba su cika dawowa ba. Yaya ta yi shekara biyar tana shan ta. Har yau ba ta iya tsayuwa mai tsawo gaban kasko, kuma ta ce fuskarta ce ke tona mata asiri ga duk wanda ya san alamar.

Sauran magungunan ma kowane da nasa. AZT na rage jini, a ƙasar da mata da yawa dama jininsu bai cika ba. Nevirapine na iya taɓa hanta ko ta feso ƙuraje masu haɗari. Efavirenz, wanda ya biyo baya, na kawo jiri da munanan mafarkai, har wasu suka ɗauka aljanu ne suka daina sha. Tenofovir, wanda har yanzu yana cikin ƙwayar da ake bayarwa, na iya gajiyar da ƙoda da rage ƙarfin ƙashi idan aka daɗe. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir, kuma haɗin da ake kira TLD, ƙwaya guda a yini, shi ne mafi sauƙi da aka taɓa samu. Kuɗinsa bai wuce dalar Amurka 75 a shekara ba tun yarjejeniyar 2017. Shi ma yana sa wasu ƙiba da rashin barci, kuma maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ko maganin gyambon ciki na iya hana shi shiga jiki idan aka haɗiye su tare ba bisa shawarar likita ba.

Akwai kuma tabon jinkiri. A farko sai sojojin jini sun sauka ƙasa da 200 ake fara ba mutum magani, don ƙwayoyin ba su isa kowa ba. A 2010 aka ɗaga zuwa 350, a 2013 zuwa 500, a 2015 aka ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi nan take. Waɗanda suka fara a zamanin 200, irin su Yaya, jikinsu ya riga ya sha wuya kafin taimako ya iso, kuma su ne yanzu ke shiga shekara hamsin da sittin.

Tsufa tare da ƙwayar cuta

Maganin ba ya kashe ƙwayar gaba ɗaya. Yana danne ta ne har awo ya kasa ganin ta a jini, amma tana nan laɓe, kuma garkuwar jiki ba ta samun cikakken hutu. Wannan ya sa cututtukan tsufa kan riga lokacinsu zuwa. Bincike ya nuna haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya kai kusan ninki biyu ga mai ɗauke da ƙwayar. Hawan jini, ciwon suga da ciwon ƙoda sun zama abokan tafiya. Mace mai ɗauke da ita ta fi sauran mata haɗarin sankarar bakin mahaifa har ninki shida, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Tarin fuka kuma har gobe shi ne kan gaba wajen kashe masu cutar a duniya.

Wasu abubuwan namu ne na nan. A Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 43, jiki ya bushe. Ga mai shan tenofovir, ga ciwon ƙafa da ke sa shi sayen diclofenac ko ibuprofen wajen masu tallar magani a faranti, ga jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Duka ukun ƙoda suke bugu, kuma ƙoda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa. Wankin ƙoda kuwa kowa ya san ba abin talaka ba ne. Sannan ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu. Tenofovir da lamivudine na danne shi tare da VIH, wanda alheri ne, amma idan mai cututtukan biyu ya yanke magani, hantar na iya tashi da ƙarfi.

Ga inda tambayar Yaya ta dosa. An gina tsarin yaƙi da SIDA a zamanin da burin kawai shi ne kada mutum ya mutu bana. Ƙwayar kyauta ce, kuma ya kamata a gode wa duk wanda ya yi wannan fafutuka. Amma maganin hawan jini na kowane wata, awon suga, awon ƙoda, hoton zuciya, duk daga aljihu suke fita. Bazawara mai tuyar ƙosai za ta karɓi abin da ya ceci ranta ba ta biya komai ba, ta fito ta rasa jika biyar na abin da zai hana ta shanyewa. An buɗe sashen gashin sankara na farko a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai a 2021, ci gaba ne babba, amma awon bakin mahaifa tun kafin ciwo ya kama shi ne ya fi araha, kuma mata nawa ne cikin masu karɓar magani aka taɓa yi wa?

Kyautar ma ba a ƙasarmu ake ƙera ta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Benin, hanyar da yawancin kayanmu ke bi a lokacin daga tashar ruwan Kwatano, kuma sai a Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. A Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon waje, wuraren ba da magani a ƙasashen Afirka da dama suka girgiza. Yaya ba ta bin labaran duniya, amma a waɗancan watanni kullum sai ta zazzage robarta ta ƙirga. Mai wannan ciwo idan ya yi makonni babu magani ƙwayar na farfaɗowa, kuma tana iya dawowa da taurin kan da maganin da ya saba ba zai ƙara kama ta ba. A irin wannan tsoro ne masu da'awar warkarwa ke cin kasuwa. Ba mu manta da Yahya Jammeh na Gambiya ba, wanda a 2007 ya ce yana warkar da SIDA da ganyaye, ya sa mutane suka ajiye ƙwayoyinsu, wasu suka mutu.

Abin da bai canza ba

Ilimi ya yi nisa. Tun 2011 bincike ya nuna shan magani na rage yaɗa cutar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa wanda ƙwayar ta ɓace daga awon jininsa, yana kuma ci gaba da shan magani, ba ya sa wa abokin aurensa. Mace mai shan magani da kulawar awon ciki na haihuwar ɗa lafiyayye. Nijar ta yi doka a 2007, ta sabunta ta a 2015, wadda ta hana wariya da tona asirin mai cutar.

Amma bakinmu yana nan a 1995. Har yanzu akwai mai tsallake likitar unguwarsa ya tafi ƙetaren gada karɓar magani don kada a gan shi. Har yanzu akwai matar da ke juye ƙwayoyinta cikin kwalbar maganin ciwon kai saboda kishiya. Wanda ke ɓoye maganinsa kuwa shi ke tsallake sha, kuma shi ne ba zai gaya wa likitan hawan jini abin da yake sha ba.

Mu malamai muna da hannu a ciki. Shekarun baya na yi darasin nan kamar yadda na saba, na rufe da cewa SIDA ba ta da magani, ƙarshenta kabari. Bayan an tashi wata ɗaliba ta tsaya har aji ya watse, ta ce: "Mushe, wanda aka haifa da shi fa, shi ma laifinsa ne?" Ban samu amsar kirki ba a ranar. Tun daga nan na canza darasin. Ina gaya musu gaskiya cewa ba a warkewa, ina koya musu tsare kai, amma ina ƙarawa da cewa akwai magani kyauta, ana rayuwa da shi har tsufa, kuma cin abinci kwano ɗaya ko zama benci ɗaya ba ya sa wa kowa.

Ga masu hukunci, roƙona bai da tsawo. Ranar da mutum ya zo karɓar ƙwayarsa, a auna masa hawan jini da suga a wuri guda, a duba ƙodarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, mata a yi musu awon bakin mahaifa, kuma a sa magungunan hawan jini masu araha cikin abin da ake ba su. A kuma sa kuɗin ƙwayoyin cikin kasafin ƙasa da gaske, don mun ga yadda iyaka ke rufuwa da yadda mai bayarwa ke janye hannu. Ga dangi kuma, wanda kuka ware wa kwano shekara ashirin da suka wuce yana nan da ransa, kuma tsufa ya fara kama shi kamar kowa.

Ranar da muka dawo daga karɓar magani na biya farmasi na saya wa Yaya na hawan jini na wata biyu. Ta karɓa ta yi addu'a, sannan ta ce in tuna mata ranar awon ƙoda, don jikarta ta fari za a yi wa aure bayan babbar salla kuma ita ce za ta tsaya kan girki.